Jami'ar Ahmadu Bello: A Riƙa Lissafa Irin Shuka Kamar Yadda Ake Lissafa Gwamnoni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina game da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya.

Duk shekara idan 4 ga Oktoba ta zagayo, ranar da aka buɗe jami'ar a 1962, sai gidajen rediyo da jaridu da 'yan Facebook su ɗauki yabo, kuma yabon kusan iri ɗaya ne. A ce ita ta yaye marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta yaye Atiku Abubakar da Namadi Sambo, ta yaye Sanusi Lamido Sanusi da marigayi Muhammadu Barkindo na ƙungiyar OPEC, sannan a bi da jerin gwamnoni da ministoci da manyan alƙalai. Ba ƙarya aka yi ba, duk sun sha ruwan Samaru ko na Kongo, inda harabobin jami'ar suke a Zariya. Amma wannan lissafi ya daɗe yana damuna, domin kowace tsohuwar makaranta tana iya nuna manyan da suka zauna a ajinta. Jami'ar bincike kuwa, abin da ake tambayar ta shi ne me ta gano wanda a da ba a sani ba, kuma ina abin ya je ya tsaya. Na ABU ya tsaya a gonar talaka da rumbunsa da tukunyar iyalinsa, kuma yawancin masu cin moriyar ba su ma san daga Samaru ya fito ba.

Ni tsohon malamin gona ne. Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin jami'ar, ita ta horar da ni, na kuma yi aikina a ƙauyukan Funtuwa da Bakori da Ɗandume har na yi ritaya. Mafi yawan abin da zan faɗa a bakin kunya na gan shi.

Mutane da yawa ba su san gonar ta girmi jami'ar ba. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru tun 1922, gonar dabbobi ta Shika kuma a 1928. Da Sardauna da gwamnatinsa suka tashi kafa jami'ar Arewa bayan rahoton kwamitin Ashby kan ilimi mai zurfi na 1960, sai suka tattara abin da ke ƙasa: Samaru, da Shika, da kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero a 1977. An fara da tsangayoyi 4, sassa 15, ɗalibai 426. Shugabanta na farko Norman Alexander ne, mutumin ƙasar Niyu Zilan. A 1966 Dakta Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista da ya yi karatun farko a Wusasa, ya karɓa, ya riƙe ta har 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar. Dabarar da na fi yaba wa magabatan nan ita ce saka cibiyar binciken gona cikin jami'a a maimakon barin ta a ma'aikata. Da haka mai haɗa iri da safe shi ne mai shiga aji da rana, ɗalibi kuma ya koyi karatunsa da laka a ƙafa.

Bari in fara da gyada. Duk wanda ya yi wayo a 1975 ba zai manta da kuturtar gyada ba. Ba mu gama farfaɗowa daga farin 1973 ba sai ga ta. Ganye ya yi rawaya ya dunƙule, tsiro ya tsugune bai fi tafin hannu ba, ka tuge shi ka ga saiwa tsirara ba ko ƙwaya. An ƙiyasta cewa gonakin gyada wajen hekta 700,000 suka lalace a Nijeriya a wannan damina. Na ga magidanta da suka rantse ba su ƙara shuka gyada, kuma da yawansu sun cika rantsuwar. Idan ana maganar ɓacewar dalar gyada a Kano, akan ɗora laifin duka a kan man fetur. Fetur yana da nasa kason, farashin da hukumar sayen amfanin gona ke biya a lokacin ma yana da nasa, amma wannan cuta da darɓa ke yaɗawa ita ce ta karya gwiwar manomi. Akwai irin da ke jure mata tun a lokacin, sai dai yana da nauyi, ba ya nuna kafin ruwa ya ɗauke a Kano da Katsina da Jigawa. Shekaru masu yawa masanan Samaru suka yi tare da takwarorinsu na ICRISAT, cibiyar duniya mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, suna auratayyar iri, suna zaɓe suna zubarwa, kafin a farkon shekarun 2000 a fitar da irin gyada SAMNUT 21 da 22 da 23, sannan a 2011 aka fitar da SAMNUT 24 mai nuna cikin kimanin wata uku. Ka tambayi matan da ke matsar mai suna soya ƙuli-ƙuli, za su gaya maka wace gyada ce ta fi ba su mai. Yanzu har da rani ana noma ta a fadama. Wannan aiki bai taɓa hawa shafin farko na jarida ba.

Akwai wani bincike da na fi ƙauna a kan duk sauran, domin ya wanke manomin Hausa daga zargin da aka daɗe ana yi masa. Tun zamanin Turawa koyarwar ma'aikatar gona ita ce a shuka abu ɗaya a gona ɗaya, layi-layi. Manomi kuwa ya ƙi. Yana nan da giccinsa: gero da dawa, daga baya a cusa wake ko gyada a tsakani. Sai aka yanke hukuncin cewa taurin kai ne da jahilci. Tsakanin 1965 da 1976 wani masanin tattalin arzikin gona mai suna David Norman ya zauna a Samaru. Shi da ma'aikatansa suka tare a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, dami nawa ya ɗaure, nawa ya sayar. Da aka tattara lissafin sai ya nuna gauraya shuka ta fi ba manomi riba a kan kowace kadada, ta fi biyan wahalarsa a watannin Yuni da Yuli lokacin da noma ke cunkushewa hannu ya yi ƙaranci, kuma ta fi tsare shi daga fita hannu rabbana idan damina ta yi gardama. Abin da wani dattijo a ƙasar Bakori ya taɓa gaya mini ke nan da bakinsa, cewa idan gero ya ƙi dawa za ta riƙe gida, idan dawa ta ƙi wake zai biya haraji. Bambancin shi ne wannan karon jami'a ce ta faɗa, da alƙaluma. Aikin nan na cikin tushen tsarin binciken gona da ke farawa da tambayar manomi dalilinsa, wanda daga baya ya bazu a ƙasashen Afirka da Asiya. Mu da muka fito aiki bayan haka, mun shiga ƙauye da kunne a buɗe, kuma aikinmu ya fi na waɗanda suka gabace mu sauƙi saboda haka.

Masara kuma, yaran yanzu sun ɗauka tun fil azal tuwonta ake ci. A ƙuruciyarmu abin bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Juyin ya zo ne da shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da aka fara da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Gaskiya ɗaya ce, irin farko da ya karɓu, wato TZB, daga cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ya fito. Amma gwajin ƙasa da ma'aunin taki da lokacin shuka da tazarar rami da muka riƙa koya wa manoma, daga Samaru muke karɓo su. Tun daga nan jerin SAMMAZ, irin masarar da Samaru ke fitarwa, ya yi ta tsawo har lambarsa ta wuce 70: akwai mai jure ƙuduji, akwai mai saurin nuna don inda ruwa ba ya daɗewa, akwai mai ƙarin sinadarin gina jiki. Da tsutsar nan mai cinye zuciyar masara ta shigo ƙasar a 2016, Samaru ce ta jagoranci gwajin da ya kai ga fitar da SAMMAZ 72T zuwa 75T a Janairun 2024. Wanda ya tsaya a kasuwar Ɗandume ko Giwa ko Saminaka da kaka ya ga tireloli suna lodin masara zuwa Kudu, aikin jami'a yake kallo ko da bai sani ba. Haka zancen yake ga dawa, irin su gajeriyar kaura SK5912 da kamfanoni ke nema, da audugar SAMCOT da ta ciyar da masaƙun Kaduna da Kano da Funtuwa lokacin da suke numfashi.

Sai wake, inda nake so in ɗan daɗe. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, amma duk da haka sai mun cike da na Nijar. Babban maƙiyinsa tsutsa ce da ke shiga fure da kwanso ta ci daga ciki. Na sha tsayawa kusa da saurayi ya goya famfon feshi a baya, ba takunkumi, ba safar hannu, ƙafa ba takalmi, iska tana mayar masa da maganin a fuska. Daga fara fure zai yi feshi sau shida zuwa takwas. Da yamma ya dawo kai yana sarawa, fata tana ƙaiƙayi, ya sha nono wai don ya kashe dafin. Harawar da aka jiƙa da wannan magani ita za a ba tumaki. Masana sun bincika dubban nau'o'in wake ba su sami mai jure wannan tsutsa ba. Daga ƙarshe Farfesa Muhammad Ishiyaku da abokan aikinsa a Samaru, tare da gidauniyar AATF mai tallafa wa fasahar noma a Afirka da wasu masana na Ostareliya, suka yi aiki da wani ƙwayar hali da aka samo daga ƙwayar halittar da ke zaune cikin ƙasa, wanda ke kashe tsutsar idan ta ci. An fara gwaji a killataccen fili a 2009, hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu ta amince a farkon 2019, aka fitar da waken SAMPEA 20-T a Disamban shekarar. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fitar da irin wannan wake. Feshi ya koma sau biyu, don sauran ƙwarin da ba ruwansu da wannan kariya.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka sauya wa hali, kuma ban raina tambayarsu ba. Wanda zai ba 'ya'yansa abu su ci yana da haƙƙin ya tambaya. Abin da ba na so shi ne a bar muhawarar a hannun masu saƙon murya a WhatsApp waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ana cewa wai ba a iya ajiye irin a sake shukawa. Waken nan ana ajiye shi a sake shuka shi kamar kowane wake. Masarar nan SAMMAZ 72T zuwa 75T, da ita ma aka sauya wa hali, ita ce 'yar aure, wato auren iri biyu aka yi aka same ta, kuma duk masara 'yar aure, da mai sauyin hali da marar sauyi, idan ka maimaita irinta amfaninta raguwa yake yi. Waɗanda suka yi aikin nan suna nan Samaru, Hausa suke ji, a kasuwar Samaru iyalinsu ke cefane. A kira su rediyo, a buɗe waya, a yi musu tambaya mai zafi su amsa. Kuma duk mai auna haɗarin sabon iri, ya ɗora lafiyar saurayin nan mai famfo a ɗaya gefen sikelin.

Ba gona kaɗai ba ce. A Shika, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta fitar da kazar Shika Brown mai ƙwai, wadda ke jure zafinmu. Marigayi Farfesa Andrew Nok, ɗan kudancin Kaduna, ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 saboda bincikensa a kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai sa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Duk Bafulatanin da ya taɓa kallon saniyarsa tana ramewa har ta kwanta ya san darajar wannan aiki. Sannan mutum nawa ne suka san cewa tukunyar nukiliya ɗaya tak da Nijeriya ke da ita tana Zariya? Ƙarama ce, mai ƙarfin kilowat 30, ƙirar ƙasar Sin, ta fara aiki a 2004 a Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar. Ba ta ba da lantarki. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci, har ɗan ƙanƙanin da sauran na'urori ba sa gani. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, 'ya'yanmu suna cikin waɗanda suka yi aikin, kuma aka gama lafiya.

Ta fannin tarihi ma haka. Ko mu 'yan kwalejin gona mukan saci jiki mu je sauraron laccar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Shi da malaminsa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna da ke Kaduna a 1970, sun koya wa ɗalibai su koma ga takardun Larabci da na ajami da bakin dattawa, su daina haddace abin da Turawan mulki suka rubuta a kanmu. Binciken Bala Usman a kan Katsina ya nuna cewa bayyana tarihinmu da sunan faɗan ƙabila da ƙabila ragon azanci ne. Da masu rura wutar Hausa da Fulani a intanet yau za su zauna su karanta shi, da an huta. Ga asibitin koyarwa na Shika da ake kawo marasa lafiya daga jihohi da dama. Ga jarrabawar share fage ta IJMB da ta buɗe wa dubban 'ya'yan Arewa ƙofar jami'a. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, wadda ita ma ta zauna ƙarƙashin ABU daga 1984 zuwa 1988.

To, Malam Edita, ga abin da ya hana ni barci. Aikin fitar da iri guda yakan ci shekara goma ko fiye, kuma ba ya jiran a sasanta. Dubi yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba: damina guda cif ta faɗa ciki. Ɗalibin da gwajinsa ke buƙatar ruwan sama, shekara ta tafi masa. Hukumar jami'ar ta fito fili ta ce kuɗin wutar lantarki ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira a wata, alhali ɗakin ajiyar iri da ɗakin gwaje-gwaje ba sa rayuwa sai da sanyi da wuta. Malaman da aka kashe shekaru ana horarwa suna tattara kayansu zuwa ƙasashen Larabawa da Turai, kuma ban ga laifin mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, wanda gwagwarmayar malaman ta 1992 ta haifar da tushensa, ya gina ɗakunan lacca masu kyau, Allah ya saka. Amma gini ana ganin sa a yanke masa ƙyalle, bincike kuwa ba ya ɗaukar hoto, shi ya sa ba shi da gata wurin 'yan siyasa.

Sannan igiyar da ke tsakanin Samaru da manomi ta tsinke. Mu ne igiyar. A da ka ga malamin gona a kan babur, da littafinsa da gonar gwajinsa a bakin hanya, ranar kasuwa a taru a kalla. Sa'o'ina sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma jihohi da yawa ba su maye gurbinsu ba. Cibiyar NAERLS ta jami'ar, mai isar da sakamakon bincike ga manoma, tana ƙoƙari da takardun Hausa da shirye-shiryen rediyo, amma rediyo ba ya durƙusawa ya buɗe ganye ya nuna maka ƙwan tsutsa. Inda malamin gona ya ɓace, ɗan damfara ke shiga. Na ga hatsin kasuwa da aka rina ja, aka zuba a leda mai hoto, aka sayar wa mutanen ƙauyenmu da sunan ingantaccen iri. Da kaka ta zo masara ta fito wata doguwa wata gajeriya, sai manomi ya tsine wa irin zamani gaba ɗaya, sunan masu binciken da ba su ji ba ba su gani ba ya ɓaci.

Kada a manta da kuɗin wa aka gina wannan jami'a. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta gina ta, arzikinta kuwa a lokacin gyada ce da auduga da fata. Gumin manomi ne ya zama Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Don haka ina kira ga gwamnonin jihohin Arewa 19, waɗanda da yawansu can suka yi karatu: kasancewar jami'ar a hannun tarayya bai hana kowace jiha ta ɗauki nauyin binciken amfanin gona ɗaya da ya shafe ta ba, na tsawon shekara goma, a rubuce cikin kasafin kuɗi. Jigawa da Kano su ɗauki gyada da wake, Katsina da Zamfara su ɗauki auduga, Kaduna ta ɗauki masara. Su kuma ɗauki matasan da kwalejojin gona na Samaru da Mando da Kabba ke yayewa, su ba su babura, su tura su ƙauye. Tsofaffin ɗalibai masu hali, maimakon liyafar cin abinci a Abuja, su saka wa ɗakunan ajiyar iri wutar sola da sunan ajinsu.

Kai ma, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Ka tura wakilinka Samaru da Shika a ƙarshen damina lokacin da gonakin gwaji ke tsaye, ya zauna da masu aikin, ya rubuto mana sunayensu da abin da suke fama da shi. Kuma daga watan Afrilu zuwa faɗuwar ruwa, ka ware ɗan gurbi kowane mako da za a riƙa bugawa da Hausa: wane iri ya dace da wace ƙasa, kwana nawa yake yi, taki nawa yake ci, da yadda ake gane ledar gaskiya mai tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa. A ƙauyenmu akwai masu karantawa su karanta wa na kusa da su a dandali bayan la'asar, kuma ni zan zama na farkon mai kai musu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.